Dutsen Da Nu'uman Ya Zaɓa

Hamma Nu'uman, yayana, takalminka na hawan dutse yana nan bayan ƙofa inda ka bar shi. Shekaranjiya na zura ƙafata a ciki, ya yi mini daidai, na yi maza na cire. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Dada, mahaifiyarmu.

Jama'ar wannan shafi, ku yi haƙuri da ni, labarin yau na gida ne.

Akwai wani saurayi a Nassarawo, cikin Jimeta, mai suna Nu'uman. Gyaran waya yake yi a kasuwa, amma zuciyarsa kullum tana kan duwatsu. Shi da abokansa biyu, Zadok mai tuƙa keke mai ƙafa uku da Ɗanburam tela, duk shekara sukan zaɓi dutse ɗaya su hau kafin ruwa ya sauka. Sun je duwatsun Koma, sun hau na wajen Ganye.

A wannan shekarar sai Nu'uman ya kafe, shi sai Chappal Waddi, can Taraba, wanda ake cewa ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar nan.

Ya ce, "Ina so in tsaya a inda babu ɗan Najeriyar da ya fi ni tsawo."

Ɗanburam ya ce, "Kai da ko kantar shagonka sai ka taka benci?"

Suka yi dariya. Zadok ya jira ta lafa, sannan ya ce a hankali, "Ni da za ku yarda, mu je namu, na bayan Michika."

Nu'uman ya ce, "Wannan tudun? Haba Zadok! Awaki na hawansa da safe su dawo kafin azahar. Wa zai kalli hotonmu?"



Ranar Lahadi Nu'uman ya bi Zadok gida, Vinikilang, ƙetaren kogin Binuwai, don ya ƙarasa shawo kansa. A can mahaifiyar Zadok, Mama Edna, take zaune tun shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga Michika. Tana noma wani ɗan fili da aka ara mata.

Ta kawo musu tuwo tana ba da haƙuri. "Ɗana, ka ci haka nan, dawan kasuwa ne."

"Mama, wallahi ya yi daɗi."

"Don ba ka ci namu ba. Namu ja ne. Kununsa ba ya son suga."

Sai ta ba shi labari. A ƙauyensu na saman dutse, kowace mace tana rataye zangarniyar iri a saman murhu, hayaƙi yana korar ƙwari. Ranar gudu ta ɗaga kai ta kalli nata, amma jika tana bayanta, wata a hannunta. Mijinta ya ce su yi gaba, zai kwance irin ya biyo su.

"Har yau bai iso ba," in ji ta. "Ni dai in sake shan kunun nan sau ɗaya kafin in je in same shi."

Zadok ya tashi ya fita waje, ya hau goge gilashin keken da ba shi da datti. Nan Nu'uman ya gane. Abokinsa ya daɗe yana son komawa, amma ba zai iya hawan dutsen nan shi kaɗai ba.

Zadok na mai da shi gida a keke, suna tsakiyar gadar Binuwai Nu'uman ya leƙo daga baya. "Tudun nan naku, akwai sanyi?"

"Akwai."

"To ka gaya wa Ɗanburam ya ɗinka mana riguna masu kauri."

Haka suka kama hanyar arewa. Shingen sojoji, a sauka, a hau. 'Yan banga suka raka su har gindin dutse. Suna hawa suna wuce gonaki hawa-hawa kamar matakala, kowace an tare ƙasarta da katangar duwatsu. Rabin gidajen ƙauyen babu jinka. Tsofaffi ne kawai suka koma.

Cikinsu akwai Baba Wilson, maƙwabcin su Zadok. Ya riƙe fuskar Zadok da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Da suka ce irin jar dawa suka zo nema, ya nuna saman murhunsa. Ga zangarniyoyi nan, hayaƙi ya mai da su baƙi.

Ya ce, "Iri yana nan, amma ba na sayarwa ba ne. Zo ka gani."

Ya kai su bayan gida. "Gonar ubanka ce a saman tawa. Katangarta ta zube. Duk damina ruwa na kwaso ƙasarku ya binne mini shuka. A nan ba ma ba mutum iri sai ya tsayar da katangar gidansu. Ubanka ma haka zai ce."

Nu'uman ya ɗaga kai. Ga ƙololuwar dutsen can, gajimare na gogar ta, kuma ba tudun awaki ba ce kamar yadda ya raina. Ransa ya biya. Amma hutun nasu ba zai isa aiki biyu ba.

Ɗanburam ya raɗa masa, "Mu haura mu ɗau hoto, katanga a bari sai baɗi."

Nu'uman ya tuna Mama Edna. Baɗi ba ta hannun kowa. Ya sauke jakarsa ya ce, "Baba, wane dutse ake fara sawa?"

Babu siminti, babu laka. Manya a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani, katangar ta ɗan jingina da tudu. Ta farkon da suka ɗora, Baba Wilson ya taɓa da sanda ta rushe, ya yi dariya har da tari. Ɗanburam yana kukan yatsunsa, wai allura ba za ta sake gane shi ba.

A ƙarshen gonar suka tarar da wani ɓangare da bai zube ba. Zadok ya shafa shi ya ce, "Wannan hannun babana ne." Ya zauna ya yi kukan da bai yi ba tun gudu. Nu'uman ya ci gaba da miƙo duwatsu har suka haɗa tasu katangar da ta marigayin.

Suka sauko ba su taka ƙololuwa ba. A kasuwa aka yi ta tsokanar Nu'uman, wai ya je yawon buɗe ido ya ɓige da leburanci.

Mama Edna kuwa, da aka miƙa mata zangarniyoyin, ta kai su hanci ta shaƙi hayaƙin, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ruwa na sauka ta shuka. Dawar ba ta yi tsayin ta dutse ba, amma ta fitar da kai, ja wur. Ta ce wa Nu'uman shi zai fara sha.

Ana cikin girbi zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai daɗe ba Allah Ya karɓi abinsa.

Mahaifiyarsa, Dada Fadimatu, ta ƙi cin komai. Mata suka yi lallashi har suka gaji. Ranar sadakar uku, da hantsi, keken Zadok ya tsaya a ƙofar gida. Mama Edna ta sauko da babbar tukunya, ta wuce har gaban Dada, ta durƙusa ta buɗe. Kunu ne, ja.

Ta ce, "Na ware iri, sauran duk na niƙa. Ni ma ban taɓa ba. Alkawari na yi shi zai fara. Tunda ba ya nan, ke ce uwarsa."

Dada ta kalli kunun. Ta ce a kawo ludayi biyu.

"Ke ma ɗanki ne. Zauna mu sha."

Darasi: Kafin ka zaɓi inda za ka, dubi wanda ke tafiya tare da kai, ka ji abin da ya kasa faɗa. Dutsen da ya fi tsayi zai jira ka, amma tsohuwa da aboki ba lallai su jira ba, kai ma haka. Alherin da ka yi yakan dawo gidanku ko ba ka nan. Ku tura wa abokan tafiyarku, ku sa Nu'uman a addu'a.