Bachir da Kwanson da Bai Auna Ba

Alhamis ce, rana ta buɗe, babu iska.

Akwai wani dattijo, Bachir, mutumin Maradi, da ke aiki a wani kulob na masu harbi a bayan garin Riyadh. Aikinsa kwanson harsashi. Idan an harba, ya tsince kwanson tagullar, ya wanke, ya shirya shi a sake ɗura masa albarushi.

Kwanso kuwa yana miƙewa. Duk lokacin da aka harba shi sai ya ƙara tsawo kaɗan, jikinsa ya sirance. Shi ya sa ake auna kowanne kafin a ɗura, wanda ya gaji a murƙushe bakinsa a jefar.

Bachir ba ya aunawa. Sai ya ɗaga kwanso a haske, ya juya shi, ya ce ya yi.

Dokar wurin ita ce, kafin a miƙa wa mai bindiga harsashinsa, sai an gwada. Mai gwajin kuwa Ghazali ne, ɗan ƙanwar Bachir, magidanci mai 'ya'ya biyu. Duk abin da ya fito daga hannun kawun, a kusa da idon Ghazali yake fara tashi.

Ran nan Ghazali ya shigo ya tarar da ma'auni a rataye, ƙura ta rufe shi.

"Kawu, waɗannan sun sha wuta da yawa. A ɗan auna su mana."

"Ni za ka koya wa ƙarfe? A maƙera aka yanke mini cibi."

"Na sani, Kawu. Amma fuskata ce a wurin."

"Fuskar da ko a Maradi ba a yi rububinta ba? Yalla, ɗauki ka tafi."

Ghazali ya yi dariyar yaƙe. Kunyar kawu ta hana shi ƙara magana. Ya ɗauka ya fita.

Bachir na zaune yana jin harbin. Na farko lafiya. Na biyu lafiya. Ya gyara hula, ya ce a ransa, yaran zamani sai tsoro.

Sai wata ƙara ta daban, sannan salati.

Kwanson ya tsage a cikin bindiga, zafin ya dawo baya. Bachir ya iske Ghazali a durƙushe, girarsa ta ƙone, kuncinsa na jini. Tabaran kariya ne ya tare, shi ma ya dare. A asibiti likita ya ce idon ya tsira, amma da ƙyar.

Da yamma mudir, wato shugaban kulob ɗin, ya kira Bachir.

"Khalas, shi ke nan, ƙaddara ce. Idan ya warke ya koma gwaji."

"Ba zai koma ba."

"Kai ne mudir yanzu?"

"Ni ne na ƙi aunawa. Daga yau wanda ya shirya kwanso shi zai sa fuskarsa."

"Ya sheikh, ka tsufa. Ƙarar kaɗai za ta kayar da kai."

"In ta kayar da ni a ɗauke ni. Ko ka yarda, ko ka soke iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, in koma gida. Amma ba zan sake kai wa ƙanwata irin wannan labari ba."

Mudir ya dube shi ya daɗe. Ya ga ba mai lanƙwasuwa ba ne. Ya ɗaga hannu, ya ce ya je ya yi yadda ya ga dama.

Washegari Bachir ya zauna ya auna kwanso ɗaya bayan ɗaya, ya murƙushe fiye da rabi. Sauran da aka ɗura, ya ɗauka da kansa, ya sa tabarau, ya kwantar da kuncinsa a jikin bindiga, ya ja kunama.

Darasi: In za ka yi taurin kai, yi shi da fuskarka, ba da ta wani ba. Gwanintar da ta ƙi awo, ɗan'uwa take ƙonawa. Ku tura wa duk wanda lafiyar wani ke hannunsa.