Kurege Mai Sharar Daji

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kowa ya gyara zama.

Kurege dai kun san shi, cikinsa ne ke yi masa tunani. Wata rana ya iske Kura mai tuyar ƙuli-ƙuli tana fama da ɗanyen itace, hayaƙi ya sa ta hawaye.

Ya ce, "Yaya Kura, ga busassun rassa can zube a daji suna ruɓewa a banza. Ni in kwaso, ke ki ba ni gyaɗa."

Ya kwaso, wuta ta kama ba hayaƙi, ba a sare ko bishiya ɗaya ba. Kowa ya yaba. Gyaɗar da ya samu ya binne ta a kan tudu, ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen kututture, abincinsa ke nan na damina. Da ya tsaya nan, da mun tashi. Ina! Ya kwashe rassa, ya kwashe ɓawo, ya kwashe ganye, ya share daji tas.

Kunkuru, mai gona a gangaren tudun, ya ce, "Ɗana, wannan sharar ita ce bargon ƙasa, ita ce tuwonta. Bar mata kaɗan."

"Baba, ƙasa ba ta da baki. Ni nake da shi."

Don haɗama, har kututturen ya kai wa Kura.

Sai ga ruwan fari kamar da bakin ƙwarya. Bai sami abin da zai tare shi ba, ya tattara ƙasar tudu ya gangara. Kurege ya tona nan, babu. Ya tona can, babu. Ya zauna ya yi ta kuka, ni kam ban ji tausayinsa ba.

Kwana bakwai sai ga gyaɗa ta tsiro a gonar Kunkuru. Kurege ya share hawaye, ya yi sallama.

"Baba, ka ga shukar da na aiko ruwa ya yi maka? Rabi nawa ne."

"Rabi naka ne, ɗana. Amma tudu tsirara yake. In ruwa ya sake saukowa, rabin naka kogi zai tafi."

Haka Kurege ya ƙare damina yana roƙon Kura ganye, yana jan shi da wutsiya zuwa tudu don ya rufe ƙasa. Shi ya sa har yau wutsiyarsa kamar tsintsiya, kuma bai daina tone-tone ba.

Ƙurunƙus kan kusu! In za ku yi shara, ku fara tuna inda kuka ɓoye abinci.