Wanda Inna Kulu Ba Ta Yafe Wa Ba

Ga ta nan gare ku, amma wanda ya zo neman dariya ya tashi tun yanzu, don wannan ba ta da daɗi ko kaɗan. Ni kaina duk sanda na ba da ita sai in wuni bakina da ɗaci. Ku gyara zama. Kai ma Malam Buhari kashe rediyon nan, don in na gama kai zan fara tambaya.

A wani gari na bakin kogin Kwara, can wajen Yawuri, an yi wata tsohuwa ana ce mata Inna Kulu. 'Ya'yanta huɗu: Arzika ne babba, sai Nomau, sai mace ɗaya Tumba, sai autansu Ilu. Ilun nan shi ne ɗan lelenta, kowa ya sani, ita ma ba ta ɓoyewa. Wata ranar kasuwa da damina ta ce ya haye ruwa ya sayo mata kayan miya. Ya ce, “Inna, ki dubi hadarin nan, a bari sai gobe.” Ta ce lalaci ne kawai ke damunsa. Ya tashi ya tafi. Iska ta kifar da kwalekwalen da ya shiga a tsakiyar ruwa, sai gawarsa aka kawo mata.

Shekaru ta yi tana kuka tana cewa ita ta tura shi. Daga baya tsufa ya zo ya fara kwashe mata tunani. Da farko inda ta ajiye carbi take mantawa, sai sunayen maƙwabta, sai lissafin raka'a. A ƙarshe mantuwar ta share 'ya'yanta ukun nan kaf, ta kuma share mutuwar Ilu. A wurinta Ilu ya haye kasuwa ne, yana hanya. Kullum da yamma sai ta ɗebi tuwo ta rufe masa da faifai, ta zauna a ƙofar gida tana 'yar waƙarta tana duban ruwa. Wallahi har ƙiba ta yi. Matar da ta manta yadda ake dariya, sai ga ta tana ƙyaƙyatawa da yaran unguwa.

To amma sauran ukun fa? Arzika, da furfurarsa, zai durƙusa ya gaishe ta, sai ta ce, “Sannu bawan Allah, daga ina?” Kuma kun san abin da kowane ɗa yake so kafin uwarsa ta bar duniya: ta kira sunansa, ta ce ta yafe masa, ta sa masa albarka. Suka taru suka roƙe ta. Ta dube su da fara'a ta ce, “Ni ban san ku ba, me zan yafe muku?” Wannan magana ta yi musu ciwo ƙwarai. Suka kai ta asibitin birni, likita ya ce tsufa ne, sai haƙuri. Suka dawo suka yi alkawari a tsakaninsu cewa ba za su bari ta mutu ba ta san su ba.

Arzika direban wani attajiri ne a Kano. Attajirin ya tashi zuwa Indiya neman maganin gwiwa, ya tafi da shi jinya. A can Arzika ya ga ashe su ma suna da nasu maganin gargajiya, wanda suke kira Ayurbeda, har da masu duba harkar mantuwa. Ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa wani tsohon mai magani. Da ubangidansa ya warke ya ce a tafi gida, Arzika ya ce a yi masa haƙuri, shi sai ya koyo abin da ya gani. Ubangidan ya ce in ya tsaya to a bakin aikinsa. Ya tsaya. Ya share wa tsohon tsakar gida, ya ɗebo masa ruwa, yana cin abincin da ba nama har ya rame ya koma kamar ba shi ba. Ba sa jin yaren juna, sai nuni da hannu. A haka tsohon ya nuna masa wani ɗan ganye mai yaɗo a wurin danshi, sunansa burahmi. Ya koya masa yadda ake dafa shi cikin man shanu a zuba a madara mai ɗumi a sha da sassafe, da yadda ake ɗumama man riɗi a dinga ɗiga wa mutum a goshi, da cewa mai shan sa ya kwanta da wuri, kada ya ci kwantai. Bai yi masa alkawarin komai ba, ya dai nuna masa cewa ɗanyen ganye ya fi busasshe. Arzika ya dawo ba aiki, ba lafiya, da 'yan rassa ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma, yawancinsu sun ruɓe a hanya.

Nomau manomi ne, kuma duk dukiyarsa wata 'yar fadama ce da yake shinkafa yana ciyar da iyalinsa. Da ya ga rassan nan suna neman mutuwa, bai yi shawara da kowa ba, ya tuge shinkafarsa da ta fara ciki, ya dasa su. Ganyen ya ƙi ƙasar. Ya yi masa rumfa, ya canza masa wuri, ya ja masa ruwa da ƙwarya. Wuni yake cikin laka, matsattsaku na shan jininsa, har ƙafafunsa suka tsattsage. Mutanen gari suka sa masa suna Nomau mai noman ciyawa. Matarsa ta ce haukan uwarsa ne ya kama shi, ta kwashi yara ta tafi gidansu da yunwa ta yi yawa. Bai ko ɗaga kai ba. Sai da damina ta zagayo ganyen ya kama, ya yaɗu ya rufe fadamar. Kuma in ba hannun Nomau ba, ina rantse muku, abin da Arzika ya ɗauko daga Indiya da a tsumma zai ƙare.

To, ga ilimi ga ganye, sai aka dafa aka kai wa Inna Kulu. Ta ture ƙoƙon. Ta ce ita ba ta shan abin hannun baƙo, wa ya sani ko sammu ne. Aka lallashe ta, aka kira liman, aka kira ƙawayenta, ta dafe baki. Nan Tumba ta bar ɗakin mijinta a wani gari ta dawo gida. Mijin ya aiko, ya sake aikowa, da ya gaji ya aiko da saki. Tumba ta zauna tana lura da uwarta har ta gane ƙofa ɗaya ce tak ta rage a zuciyar tsohuwar. Wata safiya ta ɗauki ƙoƙon ta ce, “Inna, Ilu ne ya aiko miki da wannan daga hayi.” Tsohuwa ta washe baki ta shanye tas, har tana lashe ƙoƙon. Ta ce, “Ɗan albarka, bai manta da ni ba.” Daga ranar kullum sai Tumba ta yi wannan ƙarya da sunan ƙanenta da ke kabari, sannan ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta. Ita ke ɗiga man a goshi, ita ke kwantar da ita da wuri, ita ke dafa sabon abinci safe da yamma.

Ni ba likita ba ne, kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce ganye na warkar da tsufa. Ko ganyen ne, ko man ne, ko kulawar ce, Allah ne masani. Abin da aka gani dai shi ne a hankali hazon ya fara yayewa. Ta tuna inda take ajiye carbi. Ta gyara wa wata maƙwabciya sunan kakarta. Ran nan Nomau ya shigo da laka har gwiwa, sai ta ce, “Kai Nomau, wanke ƙafarka kafin ka taka mini tabarma.” Ƙaton nan ya zube ƙasa yana kuka kamar yaro. Gari ya ɗauka. Har ukun suka fara 'yar jayayya a kan wanda ya fi ƙoƙari, kowa na cewa in ba shi ba da ba a kai nan ba, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin sauran abin da ke dawowa. Kai, ɗan Adam!

Wata safiya Tumba ta kawo ƙoƙo kamar kullum ta ce, “Inna, Ilu ya aiko.” Tsohuwa ta karɓa, amma ba ta kai baki ba. Ta daɗe tana duban ruwa. Sannan ta juyo ta ce, “Wane Ilu? Ilun da na tura ruwa ya ci?” Ƙoƙon ya faɗi. Ihun da ta yi, waɗanda suka ji sun ce ya fi na ranar da aka kawo gawar, don wancan karon tana da ƙarfin jiki da sauran shekaru a gaba, wannan karon ba ta da komai. Ta tuna hadarin, ta tuna ya ce a bari sai gobe, ta tuna ta kira shi malalaci. Ta daina cin abinci. Ta daina zama a ƙofa. Hankalinta garau, ba abin da ya sake ɓace mata, kuma shi ne azabar.

Da jiki ya yi tsanani, ita da kanta ta ce a kira mata su. Suka durƙusa a gabanta, ga ranar da suka sadaukar da komai don su gani. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, “Arzika. Nomau. Tumba. Na san ku, ni na haife ku. Nonon da kuka sha na yafe. Duk abin da kuka yi mini tun kuna yara na yafe, Allah ya yi muku albarka. Amma ina zaune lafiya da ɗana, yana hanya, kullum yana hanya. Allah ya rufa mini asiri ya ɗauke mini abin da ba zan iya ɗauka ba. Mutum ɗaya a cikinku ya sake kashe mini shi. Wannan ban yafe masa ba.”

Suka ce, “Inna, wane ne?” Ta juya fuskarta bango. Ba ta sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki suka zauna. Arzika ya ce shi ilimi kawai ya kawo da 'yan rassa rabi a ruɓe, da an bar su da sun mutu. Nomau ya ce shi ciyawa ya noma, bai san Indiya ba, bai kuma taɓa kai wa Inna ƙoƙo ba. Tumba ta ce ita ba ta nemo ba, ba ta shuka ba, abin da yayyenta suka miƙo mata ta miƙa, kuma da ba ta yi ƙaryar ba su ne za su fara zaginta. Suka tashi ba sallama. Har yau ba sa cin tuwo a kwano ɗaya, kuma kowannensu in ya kaɗaita yana zargin shi ake nufi.

Biyu sun samu albarkar uwa, ɗaya ya tashi da fushinta har kabari. To Malam Buhari, da ku duka, ku faɗa mini: tsakanin wanda ya nemo, da wanda ya shuka, da wadda ta shayar, wane ne Inna Kulu ba ta yafe wa ba?