Yadda Mawaƙan Polgarrow Suka Haddace Rahoton Ciyaman

Denzil Trembath shi ne ciyaman na hukumar da ke kula da tashar masunta a garinmu Polgarrow, kuma ba zan ci zalinsa ba, mutum ne mai aiki. Shi ya tsaya tsayin daka har aka gyara katangar da ke tare mana igiyar ruwa. Aibinsa ɗaya ne, amma ya isa. Denzil ba ya kuskure. In ya ce gobe za a yi rana sai aka wayi gari da ruwa, to laifin sama ne. A wurinsa kuma mu mutanen gari yara ne, akwai abin da ya dace mu sani, akwai wanda ya fi ƙarfin kanmu, shi ne kuma mai tantancewa.

Lokacin ƙuri'ar raba gardama kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, garin ya rabu biyu, har a cikin gida ɗaya. Denzil yana ɓangaren fita, kuma wannan hakkinsa ne. Sai dai ya hau kan akwatin kifi a bakin tasha ya yi rantsuwa cewa babu abin da zai taɓa sana'armu. Ya ce motar da ke kai kaguwarmu Faransa duk Talata za ta ci gaba da wucewa kamar yadda ta saba. Kaguwar nan ita ce abincin kusan kowane gida a Polgarrow, kuma da ranta ake sayenta. Wadda ta mutu a hanya ta zama shara.

Da ranar fita ta fara matsowa, hukumar ta ɗauko wata ƙwararriya ta rubuta rahoto kan abin da zai same mu. Mun gan ta da idonmu tana yawo da littafi tana tambayar masu jirage. A watan Maris ta gama ta tafi. Daga nan shiru. Da aka tambayi Denzil, ya ce babu wani rahoto. Da aka matsa, ya ce akwai amma ba a kammala ba. Da aka ƙara matsawa, ya sha toka ya ce fitar da shi zai tayar wa mutane da hankali a banza.

Gardama ta cika gari, a gidan burodi, a mashaya, a ƙofar coci. Babban mai kare shi shi ne Wella, masunci, abokinsa tun suna firamare.

"Ku bar mutum ya yi aikinsa mana," in ji Wella. "Mai ciniki yana buɗe wa abokin ciniki aljihunsa ne?"

"Da wa yake cinikin, Wella? Da mu?" in ji Goggo Loveday. "Kaguwar tasa ce ko tamu?"

Goggo Loveday ita ke da rumfar da ake tara kaguwa kafin a loda ta a mota, mutum goma sha ɗaya ke ci a ƙarƙashinta. Ita ce kuma shugabar ƙungiyarmu ta mawaƙa, mu ashirin da huɗu ban da ita, da ke haɗuwa duk Alhamis da yamma a zauren coci. Ni, Jago, tsohon mai raba wasiƙu, ina layin baya cikin masu ƙaton murya, inda in mutum ya manta baiti sai ya yi ta motsa baki ba a gane ba.

Goggo ta tara sa hannun mutanen gari, aka kira taro, aka ɗaga hannu cewa dole a nuna rahoton. Denzil bai yi musu ba, ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya shirya. Washegari aka liƙa sanarwa. Duk mai son karanta rahoto ya zo ɗakin sama na ofishin hukuma, mutum ɗai-ɗai, minti goma sha biyar, sau ɗaya tak. Ba waya, ba biro, ba takarda. Misis Opie magatakarda za ta zauna ta sa ido.

Goggo ce ta fara shiga. Ta fito ranta a ɓace. Shafi goma sha biyu ne, an cika su da Turancin ofis, kafin ta gane inda na huɗu ya dosa lokaci ya ƙare. Ran Alhamis muka taru, ta ajiye littafin waƙa a gefe ta tsaya tana ƙirga mu da yatsa.

"Ashirin da huɗu. Shafi goma sha biyu. Kowa rabin shafi." Ta dube mu. "Kun riƙe waƙa mai baiti ashirin a ka, har da wadda kakanninmu suka bari da babu wanda ya san ma'anarta. Rabin shafi ne zai gagare ku? Kowa ya ɗora nasa a kan karin waƙar da ya fi iyawa. Da kun fito, ku tsallaka titi zuwa shagon shayi, ina zaune da biro."

"Goggo, ni fa lambar wayata ma ba na riƙewa," na ce.

"Na sani, Jago. Shekara talatin kana kai wa maƙwabciyata wasiƙuna. Shi ya sa na ba ka shafin ƙarshe, na hango gajere ne, ƙila godiya ce kawai da sa hannu. Kai ka ɗauki rabin sama, Wella ya ɗauki na ƙasa."

Wella, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya ce shi ba ya cikin wannan munafurci. Goggo ta ce ba komai, ya je ya karanta ne don ya wanke abokinsa, in babu abin ɓoyewa ai shi zai fara yi mata dariya. Wannan ta kama shi, ya ce zai je.

Kwana uku muna layi a matakalar ofishin. Mutum zai shiga, ba a jima ba sai ka ji gunji yana fitowa ta ƙasan ƙofa, wani da karin waƙar biki, wani da na jana'iza. Denzil ya leƙo ya tambayi Misis Opie wane irin shashanci ne wannan. Ta gyara tabarau ta ce, "Ranka ya daɗe, ka hana waya, ka hana biro, ka hana takarda. Ban ga inda ka hana gunji ba."

Da nawa ya zo, na shiga na zauna. Na buɗe shafi na goma sha biyu, sai na ga ashe ba godiya ba ce. Ƙwararriyar ta rubuta cewa bayan fita, babu motar kaguwa da za ta tsallaka sai da takardar shaidar lafiya, wadda jami'i zai sa wa hannu bayan ya duba kayan. Garin da ba shi da rumfar dubawa tasa, motarsa sai ta je wata tasha ta bi layi, kwana biyu ko fiye. Na san abin da kwana biyu ke yi wa kaguwa a mota. Tsoro ya sa kalmomin suka manne mini a ka yadda babu abin da ya taɓa mannewa. Na sauko a guje na rera wa Goggo, ban tsallake ko kalma ba.

Wella ya shiga bayana. Da ya fito bai rera komai ba. Ya zauna a shagon shayin, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya faɗi nasa rabin da murya ƙasa-ƙasa. Polgarrow na iya neman rumfar dubawa tata, amma sai hukuma ta aika da takardar nema kafin ƙarshen Oktoba. Muka dubi kalanda a bango. Saura kwana tara. Tun Maris Denzil ya san da wannan, ya zauna a kai, domin neman rumfa yana nufin amsa cewa abin da ya rantse a kan akwatin kifi ba haka yake ba.

Wasu suka ce a buga abin da Goggo ta rubuta a raba gida-gida. Ta ce a'a, zai ce ƙirƙira muka yi. Akwai hanyar da ta fi. A taron hukuma na wata-wata, kowane ɗan gari yana da minti uku ya faɗi abin da ke ransa, kuma duk abin da aka faɗa dole magatakarda ta shigar da shi kundin taro. Abin da ya shiga kundi ya zama na jama'a, hukuma kuma ba ta da ikon tashi ba ta amsa shi ba. Taron ran Litinin ne.

Ban taɓa ganin zauren nan ya cika haka ba. Misis Opie ta ajiye ɗan agogonta na yashi, irin na dafa ƙwai, ta kira sunan farko. Mai gidan burodi ta miƙe ta karanto rabin shafi na ɗaya daga ka. Ta zauna, wani ya tashi ya ɗora daga inda ta tsaya. Kafin a kai mutum na biyar fuskar Denzil ta canja.

"A dakata! Wannan takardar sirri ce!"

"Wace takarda, Ciyaman?" in ji Goggo daga kujerarta. "Ka ga takarda a hannun wani?"

Aka fashe da dariya. Ya juya ga Misis Opie ya ce ta daina rubutu. Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce minti ukun na mai magana ne, ta juya agogon yashi ta kira na shida.

Haka muka bi shi har ƙarshe. Na tashi, na manta ba rerawa aka ce a yi ba, na sake murya na rera nawa da karin waƙar girbi. Aka tafa mini, abin da ba a taɓa yi ba a shekara ashirin da na yi a ƙungiyar. Sai Wella. Ya faɗi nasa tsaf, da ranar ƙarshen da komai. Yashi bai ƙare ba, sai ya dubi abokinsa.

"Denzil, tare muka jefa ƙuri'ar fita, kuma ko gobe aka sake, haka zan jefa. Ba wannan ce damuwata ba. Na yi faɗa da matata a kanka, na yi faɗa da Goggo. Da ka zo ka ce, Wella, na yi kuskure, ga abin da ke gabanmu, wallahi da ni zan fara ɗaukar bulo a gina rumfar nan. Amma ka dube ni, shekara sittin da ɗaya, ka yanke cewa ba zan iya ɗaukar gaskiya ba. Wannan ce ta yi mini ciwo."

Sauran 'yan hukuma, waɗanda su ma ashe ba su taɓa ganin shafi na goma sha biyu ba, suka ɗaga hannu gaba ɗaya cewa a nemi rumfar. A ranar aka cike takardar nema. Washegari da safe ni na kai ta gidan waya da kaina, Goggo tana biye da ni a baya wai kada in kai wa maƙwabciyarta. A taro na gaba Denzil ya sauka daga kujera, aka kuma kafa doka cewa duk rahoton da hukuma ta sa aka yi, a liƙa shi a ƙofar ofis cikin mako guda.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba, takardu sun yi yawa, an sha wahala. Amma Talatar farko bayan fita, jami'i ya duba kaguwar Goggo a rumfarmu, ya sa hannu, mota ta tashi. Washegari da rana muna tsaye a bakin tasha direba ya bugo waya. Goggo ta saurara, ta ɗaga wayar sama ta yi ihu: "Duk sun isa da ransu! Ɗaya ma ta cije yatsan mutumin kwastan!" Muka ɓarke da waƙa a nan tsaye, cikin sanyi. Can gefe na hango Denzil a ƙofar ofis, ya sa tabarau yana karanta sabon rahoton da aka liƙa, yana jira wata tsohuwa ta gama shafin kafin ya matsa.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Wanda aka ba amanar jama'a ba shi da ikon ɓoye musu abin da ya shafi abincinsu don kawai ya tsare mutuncinsa. Mutane suna iya ɗaukar labari mara daɗi in an faɗa musu da wuri, su shirya masa, har su yafe wa wanda ya yi kuskure. Abin da ba sa yafewa shi ne a mai da su yara. Ku kuma jama'a, in an rufe muku ƙofa kada ku tsaya zagi a bakin titi. Ku ajiye saɓanin ƙuri'a a gefe, ku san dokar garinku, kowa ya ɗauki rabin shafinsa.