Ziyarar da Aka Kai da Biro

Akwai wani matashin likita da abokan aikinsa ke kira Sarkin Sauri. Kansa na ja, amma ba shi da haƙurin zama da mara lafiya. Kafin ka gama faɗin ciwonka ya miƙo maka takardar magani.

Bayan shekarun horo, abu ɗaya ya rage a ba shi shaidar zama ƙwararren likitan iyali. Dole ya ɗauki gida guda ya riƙa kai ziyara wata-wata har shekara, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya kare rahoton gaban manyan likitoci. Ya zaɓi gidan wani tsohon tela mai ciwon suga.

Sau biyu ya je. Ɗakin ga ƙunci, ga zafi, ga surutun matar tela. Daga nan gogan naka ya ce ina dalili. Sauran ziyarori goma a kan teburinsa ya kai su, da biro.

Matar likitan ta ce, "Baban yara, ka leƙa tsohon nan mana."

Ya ce, "Suga ai suga ne. Na san abin da zan tarar."

Ranar jarrabawa ya zauna gaban likitoci uku, bayani na zuba daga bakinsa kamar famfo. Wata dattijuwa a cikinsu ta daɗe tana duban lambar katin asibitin da ke jikin rahoton.

Ta ce, "Likita, ka rubuta cewa watan jiya ka duba ƙafafun telan nan biyu, lafiya lau."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Wata huɗu ke nan da aka kawo mini shi. Allura ce ta soke shi a tafin ƙafa, bai ji ba, wurin ya ruɓe. Ni na tura shi aka yanke ƙafar, da ita yake taka keken ɗinki." Ta rufe rahoton. "Na tambayi matarsa me ya sa suka yi jinkiri. Ta ce suna da likitansu, ya ce zai dawo, shi suke jira."

Shaidar dai bai samu ba, aka kuma miƙa maganarsa ga hukumar likitoci. Da ya fito, gidan telan ya nufa. Ya daɗe tsaye a ƙofa, kunya da baƙin ciki sun hana shi yin sallama.

Darasin da ke ciki shi ne, ba don a wahalar da mutum ake gindaya masa sharuɗɗa kafin a ba shi shaida ba. Duk matakin da ka tsallake da ƙarya, akwai wanda ya dogara da kai a wurin, kuma shi zai fara cutuwa kafin asirinka ya tonu.