Tanimu da Magunan Gwaggo Yalwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ban riƙe sunansa ba, tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa. Ku matso, ku saurara, labarin mage zan ba ku. Na ga wasu har sun fara murmushi. Ku yi abinku, za mu haɗu a gaba.

Sunan mutumin Tanimu. Sana'arsa ɗinkin manyan riguna, irin aikin allurar nan da ake zuba wa riga a wuya da ƙirji. Ba shi da komai sai ɗaki ɗaya da ɗan zaure, da matarsa Tabawa, da shaidar da gari ya yi masa cewa in ka ba shi riga za ta dawo maka ba tabo. Zaren da yake aiki da shi kuwa, wata tsohuwa ce take kaɗa masa, ana ce mata Gwaggo Yalwa. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Maguna biyu gare ta, mace da muzuru, su ne abokan hirarta in ta zauna kaɗi.

Ran nan ayarin masu zuwa hajji zai tashi, sai ga Gwaggo Yalwa a zauren Tanimu da kwando a ka. Ta sauke, ta buɗe. Magunan ne a ciki, da zaren ƙarshe da ta kaɗa masa.

Ta ce, "Tanimu, ɗana, na duba garin nan ban ga wanda zan bar wa su ba sai kai. Amana na ba ka. Kada ka bar su da yunwa, kada ka bari a kashe mini su."

Ya ce, "Na karɓa, Gwaggo. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke."

Na karɓa. Kun ji yadda maganar take da sauƙi a baki.

To, ga inda matsalar take. Katangar Tanimu ɗaya ce da ta wani mai kiwon tattabaru, Barmo, wanda ya rantse duk magen da ta taka masa katanga ba za ta sauka da rai ba, kuma an san ba ya rantsuwa a banza. Saboda haka dole magunan nan su zauna a ɗaki, ƙofa a rufe. Dabbar da ta saba yawo a tsakar gida, aka kulle ta a ɗaki ɗaya, me kuke tsammani?

Suka fara da tabarma, suka yage ta da farce. Suka ture tulu ya fashe. Muzurun ya yi fitsari a kan buzun da Tanimu yake salla, warin ya ƙi fita duk da wanki da shanya. In Tabawa ta ajiye nono ta juya baya, ta dawo ta tarar da ƙwarya a kife. Kullum Tanimu cikin fargaba yake. In yana kasuwa yana ta tunanin ko an bar ƙofa a buɗe. In yana masallaci, Allah ya yafe masa, rabin hankalinsa na ɗaki. Ko ihun yara ya ji a unguwa sai ya miƙe, ya zaci Barmo ne ya kama ɗaya.

Tabawa ta ce, "Malam, mutane fa in mage ta dame su a buhu suke sa ta, su kai ta ƙetaren rafi su saki, ba ta ƙara gane hanya. Ba kai ka fara ba."

Ya ce, "Su nasu ne suke kaiwa, Tabawa. Waɗannan ba nawa ba ne."

Ana nan, sai wani babban falke, Madugu Jatau, ya aiko masa da rigar saƙi da zai sa ranar salla. Madugun nan in ya yabi maɗinki, gari ya bi shi. In ya kushe shi, to sai dai ya nemi wata sana'ar. Tanimu ya ɗauko zaren Gwaggo Yalwa, don babu kamarsa a laushi, ya duƙufa. A zaure yake aikin, in zai fita ya naɗe rigar ya rataye ta can sama a jikin azarar ɗaki, inda yake ganin ko mage ba za ta kai ba. Watanni yana kanta har idonsa ya fara yaji. Aiki ya zo ƙarshe, saura bakin aljihu.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin.

Ranar wata Juma'a ya tafi masallaci, Tabawa ta fita ɗiban ruwa. Da ya dawo ya tura ƙofa, sai ya ga rigar a ƙasa. Magunan sun bi ta kan gado, sun kama igiyar da ya rataye ta da ita, sun jawo ta. Ƙirjin rigar, inda aikin ya fi yawa, duk sun tsettsefe shi, zare ya fito buzu-buzu, har saƙin ya ɓule. Ga su kwance a kai.

Jama'a, ba zan ce muku Tanimu mala'ika ne ba. Mutum ne kamar ni da ku. Idonsa ya rufe. Ya ɗauko buhu, ya cusa su ciki, ya ɗaure baki, ya saɓa a kafaɗa ya nufi rafi da rana tsaka. Suna kuka, suna yaƙushinsa ta cikin buhu, bai tsaya ba. Yana tafiya yana gaya wa kansa cewa ai ba kashe su zai yi ba, sakinsu kawai zai yi. Amma ya san abin da ke ƙetaren rafin, daji ne da karnukan farauta. Magen da ta tashi a cinyar tsohuwa ba za ta yi kwanaki a can ba.

Yana gab da bakin ruwa sai buhun ya yi shiru. Ba kuka, ba motsi. Ya tsaya cak. Ya ce a ransa, shi ke nan, zafi ya kashe su, da wane ido zan kalli Gwaggo? Ya durƙusa, ya kwance bakin buhun ya leƙa.

Da ransu. Ashe lokacin da ya kwashe su, wani guntun zaren rigar ya biyo su. Macen ta rungume shi da hannuwanta tana lasa, muzurun yana goga fuskarsa a jiki, daidai yadda ya sha ganin suna yi wa hannun Gwaggo Yalwa in tana murza mazari. Sai Tanimu ya tuna wani abu. Akwai zaren kasuwa a ɗakin, a fili, cikin faifai, ba su taɓa kula shi ba. Rigar da aka rataye a sama suka yi wa wannan hawan. Mai kaɗi tana shafa alli a yatsu, tana laƙa yawu, tana murza zare tsini zuwa tsini. Ƙamshin hannun tsohuwar yana cikin zaren nan. Shi yana ganin mugunta, su kuwa uwar ɗakinsu suke nema.

Ya zauna a kan yashi ya yi kuka. Sa'an nan ya ɗauke su, ba a buhu ba, a cikin rigarsa ya rungumo su har gida.

Saura Madugu. Tabawa ta ce, "Ka ce ɓera ne, Malam. Ɓera ba laifin kowa ba ne, kowane gida akwai shi."

Ya ce, "Gidan da ke da mage biyu? Ko da zai yarda ma, ba zan faɗa ba."

Ya naɗe rigar ya tafi. Ya durƙusa gaban Madugu Jatau ya warware ta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga rigarka. Maguna ne da aka ba ni ajiya suka yi mata haka. Sakacina ne, ni na rataye ta inda za su kai."

Madugu ya daɗe yana kallon rigar. Ya ce, "Tanimu, na san hannunka, ba na son in rasa shi. Je ka kawo mini magunan nan in sa a gama da su, in huce. In ka yi haka, magana ta mutu, gobe in aiko maka da wata rigar."

Ku tsaya nan ku tambayi kanku. Tsohuwar ta yi nisa, ba ta gani. Wataƙila ma ba za ta dawo ba. Ga abincinka da na iyalinka a hannu ɗaya, ga mage biyu masu ɓarna a ɗayan.

Tanimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, in aiki kake so in yi maka har ƙarshen raina in rama, zan yi. Amma su ba zan iya ba ka ba. An ce mini kada in bari a kashe su, na ce na karɓa."

Madugu ya ce, "Wato mage ta fi ni a wurinka. Tashi ka ba ni wuri."

Kafin salla labari ya gama gari. Babu wanda ya ƙara kawo masa babbar riga. Mutumin da manya ke jiran allurarsa ya koma bakin kasuwa yana yi wa 'yan dako facin wando.

A gida kuwa ya canza yadda yake zama da su. Sauran zaren Gwaggo, wanda da zai iya sayarwa, ya dunƙule shi ya ba su, suna wasa da shi suna kwana a kai. Ya shigo da kututturen icce don su riƙa kartar farcensu. Ya zuba yashi a tsohon kasko ya ajiye musu a lungu, Tabawa na canzawa tana mita. Ya yi wa tagar ɗakin shinge da kara, suna hawa suna kallon waje ba su iya fita. Duk abin da yake gudun a taɓa, ya sa a kwando mai murfi. Ɓarnar ta ragu ƙwarai. Ban ce ta ƙare ba, mage mage ce.

Shekaru suka wuce, ayarin ya dawo, ba Gwaggo Yalwa. Suka ce ta yi hajjinta, a hanyar dawowa ciwo ya kama ta, suka binne ta a can. Bayan an yi mata addu'a, Tabawa ta ce a hankali, "To Malam, mai amana ta tafi. Yanzu ai ka sauke."

Tanimu ya kalli magunan, sun tsufa, suna kwance kan ɗan abin da ya rage na zaren. Ya ce, "Da ina jiran ta dawo in miƙa mata, Tabawa. Yanzu babu wanda zan miƙa wa sai Wanda ya ji lokacin da na ce na karɓa." Ya riƙe su har suka mutu a ɗakinsa, a ƙoshe.

Na san kuna jira in ce daga baya ya yi arziki, Madugu ya zo neman gafara. Ni ban ji haka ba, kuma ba zan ƙara muku abin da ban ji ba. Da faci ya ƙare rayuwarsa. Ladansa yana inda ya ajiye shi.

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Amana ba ta sauka don mai ita ba ya gani, ba ta sauka don ta zame maka wahala. Kuma kafin ka ɗaga sanda kan wanda ke yi maka ɓarna, tsaya ka duba me yake nema. Kowanenmu nan akwai abin da aka kulle a hannunsa wanda ba shi da bakin kai ƙara. Wani akuya ce ɗaure a rana tun safe. Wani marayan ɗan'uwansa ne da ke fashe-fashe a gida tun da aka binne uwarsa, ana ta dukansa, ba wanda ya tambayi dalili. Wani tsohuwar da ta haife shi ce, ta rikice, tana zubar da abinci, yana yi mata tsawa. Duk kun taɓa cewa kun karɓa. In kun koma gida yau, ku je ku duba su tun kafin ku cire takalmi. Allah ya ba mu ikon sauke abin da muka ɗauka.