Tsamiyar da Babu Ita

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya haɗa mu zamani da Shehinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, wanda harshensa ba ya hutawa da ambaton Ubangiji, Allah Ya ƙara masa yarda. Ni kafinta ne, mafi ƙanƙantar almajiransa, kuma abin da zan faɗa da idona na gan shi, ko da yake har yau hankalina ya kasa ɗaukarsa.

Mahaifiyarmu ta kamu da rikicin tsufa, har takan tambaye ni ɗan wane ne ni. Wata rana da hantsi, a tsakiyar bazara, mai ɗakina ta shiga wanka, ta fito ta tarar da ƙofa a buɗe, babu Inna. Muka duba kasuwa da tasha da bakin gada, har rijiyar unguwa sai da na leƙa. Azahar ta wuce, rana kamar wuta, ga tsohuwa ko takalmi ba ta saka ba.

Na faɗa zauren Shehi ina haki. Bai bari na gama ba, ya ɗago kai daga littafi ya ce, "Kwantar da hankalinka. Tana gindin tsamiya, tana jira."

Na fito da gudu, sai kuma na tsaya cak. Wace tsamiya? A garin nan aka haife ni, dalbejiya ce ko'ina, ban taɓa ganin tsamiya ko ɗaya ba. Yayana ya ce, "Kai dai da malaminka! Ko shi ma tsufan ne ya taɓa shi?" Wallahi na ji zafin maganar. Muka yi ta tambayar mutane kamar zautattu; wannan ya nuna gabas, wancan ya ce ko mai sayar da tsamiya ake nufi.

Tsohon mai askin bakin kasuwa ne ya dakata da almakashi a hannu. "Gindin tsamiya? Yaro, wa ya gaya maka wannan suna? Ai an sare ta tun ba a haife ka ba. Nan motar birni take sauke mutane a da. Je ka bayan gidan mai, inda ake facin taya."

Can muka sami Inna zaune bisa wata tsohuwar taya, a fili tsirara, babu ko inuwar kara. Na taɓa goshinta ina tsoro, sai na ji shi da sanyi, kuma ga ɗanyun ganyayen tsamiya sun zuba a cinyarta. Yayana ya ɗaga kai sama, ya sauke.

"Babanku nake jira," in ji ta, "motarsu ta yi latti." Shekararsa ashirin da rasuwa.

Shehi kuwa baƙo ne, shekara shida kacal da zuwansa garinmu. Da na kai masa ganyen, ya ce, "Ba ni na shuka ta ba. Je ka ba mahaifiyarka ruwa."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa na gari abin da Ya so. Ya Allah Ka ƙara wa Shehinmu daraja, Ka ba mu albarkarsa, Ka kuma sa Inna ta sami wanda take jira a inuwar da ba a sarewa. Amin.